Ƙwallon gem tsakanin Kano, Manchester da Maraɗi

Duk wanda ya ji cewa ina buga gem da ƙanena da ke Manchester alhali ina zaune a ɗakina a Kano, tambayarsa ta farko ba ta wuce ɗaya: wane layi ne ya fi gudu? Wasu har wayarsu suke miƙo mini in ga gwajin da suka yi, megabit 40, megabit 60, suna mamakin yadda duk da wannan gudun ɗan wasansu yake tsayawa cak har a ƙwace masa ƙwallo. Gudun da kamfanoni ke tallatawa ba shi ne maganar ba. Lokacin da ake tsakiyar wasa, abin da na'urarka ke aikawa ɗan kaɗan ne, ko megabit ɗaya bai kai ba. Abin da ke gyara wasa ko ya ɓata shi abu biyu ne: nisan hanyar da saƙonka zai bi ya je ya dawo, da kuma ko wata na'ura daga waje za ta iya samun taka kai tsaye. Wanda bai gane waɗannan biyun ba zai yi ta zuba kuɗi a data yana zagin fad ɗinsa, wato abin da ake riƙewa a hannu ana danna wasan.

Mu huɗu ne muke yawan haɗuwa. Ni a Kano, ƙanena da karatu ya kai Ingila, abokina tun na firamare da aiki ya mayar Legas, sai ɗan baffana da ke kasuwanci a Maraɗi. Gidan gem ɗaya ya raine mu, wani ɗan shago a bakin layinmu mai benci biyu da talabijin mai ƙeya, da PlayStation 2 da aka ɗaure murfinta da roba. Winning Eleven muke bugawa, mai sharhin yana ta ihu da Japananci, ba ma jin ko kalma ɗaya amma mun haddace muryarsa. Dokar shagon kowa ya san ta: wanda aka ci shi ke biya, kuma shi ke miƙa fad ga na bayansa. Yau ga mu kowa da inda neman abinci ya jefa shi. An ce zumunci a ƙafa yake, to amma ƙafa ba ta kai mutum Manchester a daren Juma'a. Shi ya sa nake ɗaukar wannan harka da muhimmanci, kuma shi ya sa na zauna na koyi yadda take aiki.

Tun kafin a zo maganar intanet akwai shingen farko. Idan ka kunna PlayStation za ka buɗe asusu, sai a jero maka ƙasashe ka zaɓa. Babu Najeriya a ciki, babu Nijar, babu Ghana. Afirka ta Kudu ce ke ciki. Don haka yawancin mutanenmu asusun Birtaniya ko na Amurka suke buɗewa, kuma ƙasar da ka zaɓa ranar farko ita ce taka har abada, ba a canzawa. Katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na wannan ƙasar. Na sha ganin yaro ya tara kuɗinsa ya sayi katin dala alhali asusunsa na fam ne, ya dawo yana neman wanda zai saya a hannunsa da faɗuwa. A zamanin PlayStation 3 buga wasa da wani ta intanet kyauta ne. Tun da PlayStation 4 ta fito a 2013 sai da rajistar PlayStation Plus da ake biyan kuɗinta, in ban da wasannin da dama kyauta ake ba da su, irin su eFootball da Fortnite da Rocket League. Wannan ya sa eFootball, wato magajin Winning Eleven ɗinmu da Konami ta canza wa suna a 2021, ya zama mafakar wanda aljihunsa ya yi sanyi a wata.

Sai kuma maganar siga. Wasan da muka sani da FIFA ya koma EA Sports FC tun Satumban 2023, kuma duk shekara sabo yake fitowa. Mai na bana ba ya haɗuwa da mai na bara. Bayan haka, sigar PlayStation 5 daban take da ta PlayStation 4 ko da shekararsu ɗaya. Ƙanena yana da ta biyar, ni da sauran muna kan ta huɗu, don haka shi yake sauke sigar tsohuwar na'ura a kan sabuwarsa domin mu haɗu. Yana yin hakan ba tare da ƙorafi ba, Allah ya yi masa albarka.

Yanzu ga gundarin maganar. Idan na danna maɓallin ba da ƙwallo a Kano, wannan dannawar sai ta zama ɗan saƙo. Saƙon zai tashi daga na'ura zuwa rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, daga rauta zuwa turken sabis na unguwa, daga can ya shiga wayar gilashi da aka binne a gefen titi har Legas, kimanin kilomita 1,000. A Legas zai shiga teku. Wayar MainOne da aka fara amfani da ita a 2010 tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal, daga nan kuma a miƙa shi Landan, sannan Manchester. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga kamar gudu ne da ba shi da iyaka, amma yi lissafi: zuwa da dawowa ya haura kilomita 18,000, wato ko da babu cunkoso ko kaɗan a hanya, sai an cinye kusan milisakan 90 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Wannan ba laifin kowane kamfani ba ne, kuma babu kuɗin da zai rage shi. A zahiri abin da nake gani tsakanina da ƙanena yana yawo ne tsakanin 120 da 150, saboda kowace tasha da saƙon ya ratsa tana ƙara nata. Wannan lambar ita ce ake rubutawa ping a allon wasa, kuma ita ya kamata mutum ya riƙa kallo.

Wani zai ce mene ne milisakan 130, ai ko ƙiftawar ido ce. Wasan yana zana hoto 60 a kowace daƙiƙa, kowane hoto yana ɗaukar ƙasa da milisakan 17. Jinkirin 130 na nufin hotuna bakwai ko takwas sun wuce kafin abin da ka danna ya bayyana. A cikin hotuna takwas ɗan baya ya riga ya sa ƙafa. Ka hango ɗan gabanka ya ɓalle, ka danna masa ƙwallo a daidai lokacin da idonka ya ce yanzu, amma sai ta tashi bayan ya riga ya yi satar gida. A bugun fenareti ma abin ya fi ciwo, domin mai tsaron raga yana faɗawa ne bayan ƙwallon ta shige. Wanda ya saba da hakan yakan canza salon wasansa gaba ɗaya. Ni na daina yawan yanka, na koma gajerun fasin da nake dannawa tun kafin ƙwallon ta iso ƙafar ɗan wasa. Hannu yana koyon jinkirin idan jinkirin tsayayye ne. Abin da ba ya koyuwa shi ne mai rawa, yanzu 110, an jima 300, ya sake dawowa. Gara mini 150 da ba ya motsi da 90 mai tsalle-tsalle, kuma duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya maka haka.

Akwai kuma tambayar inda wasan yake gudana. Wasu wasannin na'ura da na'ura suke haɗawa kai tsaye. Wasu kuma kowa sai ya je saba, wato babbar kwamfutar kamfani, can ake yanke hukuncin wanda ya riga taɓa ƙwallo. Idan sabar a Turai take, ƙanena yana maƙwabtaka da ita, ni kuwa ina bayan teku. Shi ya danna ta tafi nan take, ni sai na jira. Ranar da na fara yi masa wannan bayanin dariya ya yi, ya ce, "Yaya, in an ci ka kawai ka ce an ci ka." Sai da ya zo hutu gida ya zauna a kujerata ya buga da abokinsa na can, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya juyo ya ce, "Wallahi Yaya na danna, bai tafi ba." Na ce to ka gani. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wasa da abokina na Legas, idan wasan ya zaɓa mana saba a Turai. Mu biyu muna ƙasa ɗaya, amma saƙon kowannenmu sai ya tsallaka teku ya dawo. Wasu wasannin suna da saba a Afirka ta Kudu, sai dai daga Kano can ɗin ma ba kusa ba ne.

Ranar 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, kowa ya ga yadda muka dogara da waɗannan wayoyi na teku. Huɗu daga cikinsu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a lokaci ɗaya a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice, intanet ya yi nauyi a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, gyaran kuma ya ɗauki makonni. An karkatar da zirga-zirga zuwa wasu wayoyin, irin su Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, amma a waɗancan darare wasan bayan tarawihi da muka saba yi ya gagara. Sai dai mu kunna murya kawai mu yi hira.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Maraɗi. Daga Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ka bi ta Katsina da Jibiya ka tsallaka. Harshenmu ɗaya, agogonmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Amma wasana da ɗan baffana ya fi na Manchester wahala nesa ba kusa ba. Dalili shi ne intanet ba ya bin taswira, yarjejeniyar kamfanoni yake bi. Nijar ba ta da teku, sai ta hanyar maƙwabtanta take kaiwa ga wayoyin ruwa. Idan kamfanin layina da kamfanin layinsa ba su da mahaɗa a nan kusa, saƙona zai iya gangarawa Legas, ya haye Turai, ya sake dawowa Afirka ta wata wayar, ya hau zuwa Yamai, sannan ya isa Maraɗi. An tsallaka teku sau biyu domin a isa garin da direban tasha ke zuwa ya dawo a yini ɗaya. Don maganin irin wannan ne ake kafa cibiyoyin musayar intanet, irin IXPN da ke Najeriya, inda kamfanoni ke haɗa wayoyinsu a ɗaki ɗaya domin saƙon gida ya tsaya a gida. A cikin ƙasa abin ya taimaka. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa da sauran aiki, kuma a ganina wannan ya fi ƙarin gudun da ake ta yi mana talla muhimmanci, ba don gem kaɗai ba, har da ɗan kasuwar da ke kiran bidiyo tsakanin Kantin Kwari da kasuwar Maraɗi.

Matsala ta biyu ita ce wadda ke hana wasan farawa ma sam. Ka aika wa abokinka gayyata, ya karɓa, allo ya yi ta juyawa, can sai a ce haɗin ya gaza. Ko ku shiga ɗakin hira, kana jin kowa ban da mutum ɗaya. Je ka saitin na'urarka ka yi gwajin intanet, a ƙasa za ka ga an rubuta NAT da lamba. A PlayStation 1 ne ko 2 ko 3. A Xbox kuma Open ne ko Moderate ko Strict. Mai lamba 3 yana shan wahalar haɗuwa da kowa sai mai lamba 1, kuma masu lamba 3 guda biyu da wuya su ga juna.

Abin yana kama da gida mai zaure. Duk mutanen gidan adireshinsu ɗaya a idon na waje. Na ciki yana iya fita aike ya dawo da amsa, mai zaure ya san shi, zai bar shi ya wuce. Amma baƙon da ya zo ya yi sallama yana neman wani a ciki, ba wanda ya aika a kira shi, sai ya tsaya a waje har sai an yi masa iso. Rautar gidanka ita ce zauren. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, guda biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma tun 2011 babban rumbunsu ya ƙare, don haka ba kowace na'ura ke samun nata ba. Idan zauren naka ne, da sauƙi: ka shiga saitin rauta ka kunna UPnP, na'urar wasan za ta riƙa yi wa baƙinta iso da kanta. Ko ka buɗe mata ƙofofin da hannu, 3478 zuwa 3480 a PlayStation, 3074 a Xbox. Bidiyoyin da ke cike da YouTube duk wannan suke koyarwa, kuma ga mutumin da ke Landan da wayar intanet har cikin falonsa, yana aiki.

Mu kuwa yawancinmu da layin waya muke shiga, ko MiFi, ko rauta mai sim, ko mu kunna wa na'ura intanet daga wayar hannu. Kamfanonin layin waya suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Wato bayan zaurenka akwai wani babban zaure na kamfani, wanda ba ka da mabuɗinsa. Kana iya kwana kana buɗe ƙofofi a rautarka, lambar nan ba za ta motsa daga 3 ba. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi Google adireshinka. Idan sun bambanta, ko ka ga na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan babban zaure. Ina faɗar wannan ne domin na ga masu karɓar kuɗin yara da sunan za su gyara musu NAT, su danna nan su danna can, su canza lambar DNS, su ce an gama. DNS ba ta da alaƙa da wannan. Mafita ta gaskiya ita ce ka tambayi kamfanin ko suna ba da adireshi na kai, wasu masu kawo wayar gilashi ko eriya ta kan rufi suna bayarwa da ƙarin kuɗi. In ba haka ba, ku nemi wasan da ke bi ta saba, domin shi bai cika damuwa da NAT ba, ko ku bar wanda nasa ya fi buɗewa ya riƙa buɗe ɗaki yana gayyatar saura. A wurinmu ƙanena ne. Shi ne ƙarami a cikinmu, amma shi ne mai masauki.

Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 ta canza wa wasu rayuwa, musamman waɗanda ke unguwannin da sabis ba ya kaiwa da kyau. Amma a sani, ita ma a tsarinta na gida bayan CGNAT take sa mutum. Abin da zai kawar da wannan matsalar daga tushe shi ne sabon tsarin adireshi, IPv6, wanda kowace na'ura za ta samu nata, idan kamfanoninmu da masu yin wasanni suka rungume shi da gaske.

Sauran abubuwan a cikin gida suke, kuma su ne masu arha. Ka sayi kebul na intanet ka haɗa na'ura da rauta kai tsaye, ka rabu da Wi-Fi. Wannan kaɗai yana kashe rabin rawar da ake kuka da ita, musamman ga mai PlayStation 4 ta farko, wadda Wi-Fi ɗinta a zangon 2.4 kawai yake aiki, zangon da kowace waya da rautar maƙwabta ke cunkushe a ciki. Ka ɗora rauta kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, ka ja kebul zuwa ɗaki. Sannan ka lura da masu ɗora abu a gidan. Kallon bidiyo bai kai ɗora shi ɓata wasa ba. Da zarar uwargida ta fara tura bidiyon biki a zauren WhatsApp na danginsu, lambar nan takan tashi daga 130 zuwa 600 a take, domin ɗan saƙona ya shiga layi a bayan nata. Ba faɗa muke yi ba, nakan leƙa in ce a ɗan jira mini minti goma, ita ma in tana da abin turawa takan tambaya ko na shiga fili. Lokaci ma yana da tasiri. Daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma kowa a unguwa yana kan waya, turken ya cika. Bayan sha ɗaya sai ka ji wasan ya saki jiki. Wuta kuwa, ko da ba ka da inbata babba, ka nemi ƙaramar batir ta rauta da UPS na na'urar, domin a wasannin gasa wanda ya yanke shi ake rubuta wa faɗuwa, ko da yana cin uku da nema. Data ba wasan ne ke cinye ta ba, sabuntawa ce. Wani afdet ɗin gigabait 20 ne ko fiye, kuma ba za a bar ka ka shiga ba sai ka sauke. Ka kashe saukewa ta kai tsaye, ka bari sai tsakar dare lokacin garaɓasa.

Ba duk wasanni ne nisa ke yi wa illa iri ɗaya ba. Na faɗa, irin su Mortal Kombat 11 da Street Fighter 6, suna amfani da wata dabara da na daɗe ina jinjina wa wanda ya ƙirƙiro ta. Na'urarka ba ta jiran saƙon abokin karawarka. Sai ta yi hasashen abin da zai danna ta ci gaba da wasa, idan saƙon ya iso ta ga ta yi kuskure, sai ta koma baya da 'yan hotuna ta gyara cikin sauri yadda ido ba ya cika kamawa. Tony Cannon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gasar wasannin faɗa ta Evo a Amurka, shi ya yaɗa wannan hanya da manhajarsa GGPO, wadda ya saki kyauta ga kowa a 2019. Da wannan dabarar, faɗa tsakanin Kano da Manchester ya fi ƙwallo daɗin bugawa. Ranar da netwok ya ƙi, can muke komawa. Akwai kuma Share Play da Sony ta kawo a 2014, inda mutum ɗaya ne ke da wasan, ɗayan kuma hoton ake turo masa yana bugawa daga nesa, awa ɗaya a kowane zama. Wannan kam yana son gudu na gaske, kuma a layin waya ban ga ya yi kyau ba.

Duk wannan wahalar, abin da nake nema a ciki muryar ce. Ƙanena ba mai yawan magana ba ne a waya. In ka kira shi, lafiya lau, karatu alhamdulillahi, a gaida su Hajiya, shi ke nan. Amma idan hannunsa na kan fad, idonsa na kan ƙwallo, bakinsa yakan buɗe. A tsakiyar wasa na ji labarin tsadar haya, da aikin dare da yake yi a wani sito, da yadda duhu ke rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Wata rana ana shirin bugun kwana ya ce, "Yaya, akwai maganar da nake so ka fara yi wa Baba kafin ni." Na dakatar da wasan muka yi ta. Ban tsammanin da zai iya faɗar ta a kiran bidiyo yana kallon fuskata. Lokacinmu ma sai an yi lissafi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa ɗaya, sauran watannin kuma agogonmu ɗaya. Amma a watan Yuni magariba a can sai bayan ƙarfe tara da rabi, isha'i kuma ta yi dare sosai, don haka wasan bayan isha'i a wurina kafin magariba ne a wurinsa. Mukan tsaya ya yi salla ya dawo.

Wani abu da ke damuna a wannan zamanin shi ne duk abin nan a hannun kamfani yake. Ranar da suka ga tsohon wasa ba ya kawo kuɗi sai su kashe sabarsa, faifan na hannunka amma ba ka iya gayyatar kowa. Microsoft ta buɗe Xbox Live a Nuwamban 2002, ta rufe shi ga Xbox ta farko a Afrilun 2010. A lokacin wasu masoya wasan Halo 2 suka ƙi kashe na'urorinsu, suka ci gaba da bugawa ba dare ba rana, har na ƙarshensu ya yanke a watan Mayu. Na fahimci mutanen nan sarai. Kuma tun kafin haka 'yan wasa sun nemo wa kansu hanya. Halo na farko da ya fito a 2001 ba shi da intanet, sai dai a haɗa na'urori har huɗu da kebul a gida ɗaya, mutum 16 su buga. Sai wasu suka rubuta manhajoji irin su XLink Kai, wadda za ka kunna a kwamfutar da ke kan rauta ɗaya da na'urar wasan, ta ɗauki saƙonnin da aka yi domin cikin ɗaki ta tura su wata ƙasa. Na'urar tana zaton abokin wasan yana gefenta ne. Ba kuɗin wata. Har yau tana aiki da tsofaffin na'urori, ciki har da PlayStation 2 siririya ta 2004 mai ramin kebul a bayanta, matuƙar wasan an yi shi da tsarin haɗin gida tun asali, kamar tseren motoci na Gran Turismo 4. A Xbox 360 kuwa an sa ƙa'ida cewa idan jinkiri ya wuce milisakan 30 haɗin gida ba zai yiwu ba, wanda hakan ya rufe ƙofa ga na nesa. Ita ma wannan hanyar ba ta rage tsawon teku, amma tana nuna cewa na'urar da ka saya da kuɗinka za ta iya ci gaba da haɗa ka da ɗan'uwanka bayan kamfanin da ya ƙera ta ya juya baya.

Bana da sabon wasan ƙwallon ya fito, ƙanena ya so mu koma kansa nan take, domin abokansa na can duk sun koma. Na Legas ya ce shi kuɗin makarantar yara ne a gabansa, na Maraɗi kuma ya ce sai ya ga yadda canjin sefa zai kaya. Muka tsaya a kan cewa ba wanda zai saya shi kaɗai. Za mu ci gaba da na bara tunda sabarsa na nan a buɗe, har zuwa rangwamen ƙarshen Nuwamba, sannan ƙanena ya sayo katunan fam daga can ya turo wa kowa lambarsa, mu kuma mu haɗa kuɗin a nan mu ba Hajiya a madadin abin da yake aiko mata na wata.